Tsare sirri a waya ga mazauna Saudiyya: daga layi ake farawa

Duk wanda ya taɓa yankar layi a Saudiyya ya san tsarin. Ka miƙa igama, wato katin zaman baƙo, ko fasfo, ka ɗora yatsa a na'urar basma, sannan layi ya tashi. Tun 2016 ake haka, ko STC ne ko Mobily ko Zain. To wannan lambar ita Absher, dandalin hidimomin gwamnati, ke turo wa lambar shiga, ita banki ya sani, a kanta WhatsApp ɗinka yake zaune, da ita kuma Google ke mayar maka da akawun in ka manta kalmar sirri. Wanda ya riƙe layinka na minti goma zai iya zama kai a wuri huɗu ko biyar. Shi ya sa maganar tsare sirri a ƙasar nan daga layi take farawa, ba daga VPN ba, manhajar nan ta ɓoye shafukan da ake shiga, kamar yadda samari suke ɗauka.

Kafin a taɓa saiti ko ɗaya, mutum ya tambayi kansa: wa nake ɓoye wa? Kamfanin waya ya san sunan mai layi, ya san turken sabis ɗin da wayar ke kamawa a kowane lokaci, ya san lambar jikin wayar, wato IMEI mai lamba 15 da ke fitowa in ka danna *#06#. Abin da kamfani ya sani kuwa hukuma na iya samunsa. Babu maɓallin da zai goge wannan, duk wanda ya ce maka akwai, kasuwarsa yake ci. Sai dai yawancin ɓarnar da ke samun mutanenmu a Makka da Jidda da Madina daga kusa take zuwa: ɗan damfara, mai gyaran waya, abokin ɗaki, tsohon miji ko saurayin da aka ɓata da shi, uwar ɗakin da ke son sanin da wa 'yar aikinta ke hira, da 'yan sa-ido na TikTok. Waɗannan ana iya rufe musu ƙofa, aikin ma bai fi na zama ɗaya tsakanin Magariba da Isha ba.

Layin da kansa

Da farko layin ya zama da sunanka. Akwai masu sayen layin da ya riga ya tashi da sunan wani, don gudun wahalar rajista. Ban da cewa doka ba ta yarda da haka ba, ga inda abin ke ɓaci: wanda sunansa ke kai na iya shiga ofishin kamfani ko yaushe ya ce katinsa ya ɓata, a ba shi sabo, abin da suke kira badal faƙid. Nan take naka ya mutu, saƙonnin banki da na WhatsApp su koma wayarsa. Ko da ba mugu ba ne, ranar da ya bar ƙasar layin na iya tsayawa da duk abin da ka rataya a kansa.

Akwai kuma akasin haka, layin da aka yanka da sunanka ba ka sani ba. A ƙaramin shago a ce maka na'ura ba ta karanta ba, sake ɗora yatsa, sake kuma, alhali kowace ɗorawa layi ce. Hukumar sadarwa ta CST tana da hidimar da ake kira Arƙami a dandalinta na Mutasil, wadda ke jero duk layukan da ke kan lambar igamarka. Ka duba yau. In ka ga lambar da ba ka sani ba, ka shigar da ƙorafi a soke ta, don duk damfarar da aka yi da ita ƙofarka za a fara ƙwanƙwasawa.

Sai kulle katin SIM ɗin, wanda kusan ba mai yi. Waya na iya zama a kulle da yatsa da fuska, ɓarawo bai damu ba, allura zai sa ya zare katin ya zura a ƙaramar Nokia, lambobin shiga su fara sauka a hannunsa. Ka shiga saiti, ɓangaren tsaro, ka nemi kulle katin SIM. Zai tambaye ka lambar da katin ya zo da ita. In ba ka san ta ba ka tambayi kamfani, kar ka yi ta canka: kuskure uku zai kulle katin sai da lambar buɗe kati da ake kira PUK mai lamba 8, kuskure goma a PUK kuwa katin ya tafi ke nan. Bayan ka shiga sai ka canza ta zuwa taka.

A saitin sanarwa kuma ka hana wayar nuna abin da ke cikin saƙo alhali tana kulle. In ba haka ba, wayar na kan caji kana banɗaki, lambar banki ta fito ɓaro-ɓaro a fuskar allo, wanda ke zaune kusa ya karanta ba tare da ya taɓa ta ba. Ka danna *#21# ka ga ko ana karkatar da kiranka zuwa wata lamba, ##002# kuma yana soke duk wani karkatarwa. Amfanin wannan shi ne WhatsApp na iya bayar da lambar shiga ta kiran murya. Duk wanda ya ce ka danna wani abu da ya fara da **21* ko *21* a bi shi da lambar waya, wai don kyautar data ko gyaran sabis, kiranka yake son kwashewa.

Kiran da ke cewa buɗe Nafath

Waya ta yi ƙara bayan La'asar. Mai kiran da Larabci mai laushi ya ambaci cikakken sunanka, ya karanto lambar igamarka goma cif, ya ce daga banki ne, yau za a rufe katinka na mada, wato na cire kuɗi, in ba a sabunta bayanai ba. Har ya kwantar maka da hankali, ya ce shi ba ya neman lambar sirrinka, ai haramun ne ma ka faɗa wa kowa. "Buɗe Nafath kawai ka zaɓi 47."

Nafath manhajar gwamnati ce da mutum ke tabbatar da cewa shi ne da ita kafin ya shiga wata hidima. Ga abin da ke faruwa a ɗaya ɓangaren. A daidai lokacin yana zaune gaban shafin wani banki ko kamfanin bashi ko na waya, ya sa lambar igamarka. Shafin ya nuna masa 47, ya tura buƙata zuwa wayarka. Kana zaɓar lambar ka nuna fuskarka ga kyamara, ka sa hannu ke nan a kan abin da shi yake yi, ko buɗe asusu ne ko yankar layi da sunanka. Ƙa'idar guda ce: lambar da za ka zaɓa a Nafath dole ka gan ta da idonka a shafin da kai ka buɗe da hannunka. Lambar da ta zo ta kunne, ka ƙi ta. Ka kuma karanta sunan hidimar da ke jikin buƙatar kafin ka taɓa komai. Ka kashe kiran, ka juya katin bankinka ka kira lambar da ke bayansa. Saƙon damfara da ya zo ta SMS kuma ana tura shi zuwa 330330.

Mutane kan ce, to ai ya san sunana da lambar igamata. Sanin wannan ba shaidar komai ba ne. Ka tuna hannu nawa hoton igamarka ya shiga: dillalin aiki, mai gidan haya, mai kargo, mai canji, shagon da ya buga maka takarda. Ban da haka, a Afrilun 2021 an baza bayanan masu Facebook miliyan 533 a intanet kyauta, sunaye da lambobin waya, sama da miliyan 28 daga ciki na Saudiyya ne. Irin wannan jeri ba ya mutuwa, hannu yake canzawa.

Saboda haka in dole ne ka tura hoton igama ko fasfo, ka buɗe shi a wurin gyaran hoto na wayar, ka rubuta a kansa a gicciye dalilin turawar da kwanan wata, misali "don hayar ɗaki kawai", yadda rubutun zai ratsa katin ba tare da ya rufe abin da ake buƙata ba. Wanda ya so kai shi wani wuri sai ya sha wahala. In ka tura takarda zuwa wayar maktaba don a buga maka, ka tsaya har a goge a gabanka. Masu murnar biza kuma, a yi hamdala da baki, a bar ɗora hotonta a sitatus. Haka tikitin shiga jirgi: zanen layi-layin da ke jikinsa na ɗauke da sunanka da lambar ajiyar kujera mai harafi shida, da waɗannan biyun wani zai iya buɗe tafiyarka a shafin kamfanin jirgi ya ga ranar komawarka, wani lokacin har ya taɓa ta.

Da yawa ba su suka buɗe Absher ɗinsu da hannunsu ba, ofishin hidima ne ko wakilin kafili. Ba laifi, amma ka tabbatar lambar wayar da ke kai taka ce, ka kuma canza kalmar sirrin da aka sa maka.

Wannan matsalar ta fi muni a Gmail. Mutum ya sayi waya ya ce wa yaron shago "buɗe min Play Store", yaron ya ƙirƙiri adireshi da kalmar sirri, mai wayar bai ma san su ba. Ko miji ya sa nasa Gmail ɗin a wayar matarsa don sauƙi. Duk wanda ke da wannan akawun yana iya ganin hotunan da wayar ke ɗorawa a Google Photos, da lambobin mutanenka, da inda wayar take a taswira. Ka shiga akawun ɗin Google, ɓangaren tsaro, ka duba jerin na'urorin da ke ciki. Wadda ba taka ba ka fitar da ita, ka canza kalmar sirri, ka duba lamba da imel na dawo da akawun su zama naka. A Google Maps kuma ka duba ko ana raba wurin da kake da wani. Can a ɓangaren tsaro za ka iya karɓar lambobin ajiya guda 10 masu lamba 8, kowace tana aiki sau ɗaya. Ka rubuta su a takarda ka ajiye tare da fasfo, za su yi maka rana in layi ya ɓata.

Kalmar sirri ba ta buƙatar dogon bayani. Ta yi tsawo, kalmomi huɗu ko biyar da ba su da alaƙa da juna, kuma ta Gmail da ta banki kar su yi tarayya da ta ko'ina. Makullin allo ya zama lamba shida, ba huɗu ba: huɗu hanya 10,000 ce, shida miliyan ɗaya. Ban da shekarar haihuwa, ban da ƙarshen lambar igama. Zanen da ake ja da yatsa kuwa maiƙon hannu na tona shi a hasken rana.

WhatsApp

Tun 2016 saƙonnin WhatsApp a rufe suke daga waya zuwa waya, kamfanin waya ba ya karanta su a hanya. Ɓarakar a bakin hanyar take, wato wayarka da wayar wanda ka tura wa.

Ka fara da tabbatarwa mai mataki biyu, a wayar Larabci attahaƙƙuƙ bi khuɗwataini, tana ƙarƙashin akawun. Ka sa lamba shida da imel. Dalili: satar WhatsApp da ta fi yawa ita ce saƙo ya zo daga wani da ka sani, wanda shi ma an riga an sace nasa, ya ce "ɗan'uwa na tura lamba wayarka bisa kuskure, turo min", ko a ce lambar shiga taron guruf ce. Kana turawa an fitar da kai, a fara roƙon kuɗi da sunanka daga Kano har Yamai. In da mataki na biyu, lambar SMS kaɗai ba ta isa ba. In abin ya riga ya faru, ka sake sa lambarka a WhatsApp ka karɓi sabuwar lambar SMS, shigarka na fitar da ɓarawon. In ya riga ya sa nasa makullin, za ka jira kwana 7, amma shi ma yana waje. Kafin nan ka sanar da dangi ta wata hanya.

Sai na'urorin da aka haɗa, al-ajhiza al-murtabiɗa. WhatsApp ɗaya na iya zama a na'ura huɗu ban da wayarka. Wanda ka ara wa waya "zan yi kira" daƙiƙa talatin sun ishe shi ya haɗa ta da tasa, daga ranar yana karanta komai, kai ba ka ga alama ba. Da ɗan gari akan ci gari. Ka buɗe jerin nan duk mako, abin da ba ka gane ba ka fitar.

A ɓangaren sirri, al-khususiyya, ka mayar da hoton fuska da lokacin ganinka na ƙarshe da sitatus zuwa mutanen da ka ajiye lambarsu kawai. Haka wanda zai iya jefa ka a guruf. Guruf ɗaya na ɗaukar mutum har 1,024, kuma a guruf na yau da kullum kowa na ganin lambar kowa. Guruf ɗin 'yan jiha, na adashi, na tafsiri, na neman aiki, nan ake tsintar lambobin mata. Wadda ke kasuwanci, ta sayar da abaya ko turare ko dabino zuwa gida, gara ta ware layin kasuwa daban, ta bar na Absher da banki ba ya yawo.

Ajiyar hira da ke tafiya Google Drive ko iCloud ba ta da irin wancan rufin sai ka kunna shi da kanka. Tun 2021 akwai zaɓin, da kalmar sirri ko makulli mai lamba 64. A kula: in ka manta shi, WhatsApp ma ba zai iya buɗe maka ba. Saƙo mai ɓacewa bayan awa 24 ko kwana 7 ko 90 yana da amfani wajen rage abin da za a tarar in waya ta faɗa hannun wani. Hoton kallo ɗaya kuwa kar ya ruɗe ki, 'yar'uwa. An hana ɗaukar hoton allo, amma ba a hana mutum ɗaga waya ta biyu ya ɗauka ba. Abin da ba za ki jure ganinsa a hannun wani ba, kar ya bar wayarki.

GBWhatsApp da 'yan'uwansa, masu nuna saƙon da aka goge da ɓoye alamar karantawa, a cire su. Ba kamfanin ne ya yi su ba, ba wanda ya san me aka cusa a ciki, kuma ana rufe lamba saboda su. Haka duk manhajar da aka turo maka ta Xender ko ta guruf. Truecaller da Getcontact kuma da littafin lambobin jama'a suke rayuwa, shi ya sa baƙo ke ganin sunan da wani ya ajiye ka da shi. Truecaller na da shafin cire lamba daga jerinsa, sai ka rufe akawun ɗinka tukuna. Telegram, hirarsa ta yau da kullum da ta guruf ba a rufe take daga waya zuwa waya ba, sai hirar sirri da ake buɗewa musamman, kuma a Satumban 2024 kamfanin ya sanar cewa zai iya miƙa lambar waya da adireshin IP, wato lambar da ake gane haɗin wayarka da ita a intanet, in hukuma ta nema bisa doka. Signal ya fi su rufi, tun 2024 ma yana barin mutum ya ba da sunan amfani maimakon lambarsa.

Abin da hoto ke faɗa

Kyamarar waya na iya manna wurin da aka ɗauki hoto a cikin fayil ɗin, daidai har ƙofar gida. WhatsApp na cire wannan in ka tura a matsayin hoto, amma in ka tura a matsayin takarda don kar ya rage kyau, da komai nasa yake tafiya. Ka shiga saitin kyamara ka kashe alamar wuri. A Snapchat ka kunna yanayin fatalwa a taswira, in ba haka ba abokai na ganin unguwar da kake duk lokacin da ka buɗe.

Wannan mai sauƙi ne. Mai wuyar shi ne abin da ido ke gani. Mace ta kunna laif a TikTok daga ɗakinta, labule a ɗage. A bayanta ga allon wani kantin magani, ga hasumiyar masallaci mai koren fitila, kiran sallah ya shigo a kan lokacin Jidda. Washegari ta yi wani a bakin ƙofa, lambar gini mai lamba huɗu ta adireshin ƙasa ta fito a gefe na daƙiƙa biyu. Jibi ta nuna kayan da aka kawo mata, takardar da ke manne a kwalin na ɗauke da suna da lambar waya. Ba a buƙatar gwanin kwamfuta a nan, ɗan Karantina ko Shara Mansur da ya san lungu ya isa. Laif kuma ba a gyara shi. Ki zauna bango a bayanki, ki sauke labule, ki yage takardar kwali. Bidiyon waje a ɗora shi bayan an bar wurin.

Masu aiki a gidajen mutane su ƙara kula da wani abu: ɗaukar cikin gidan, ko 'ya'yansu, ko matan gidan a ɗora, laifi ne a dokar ƙasar. Dokar laifukan intanet ta 2007, sashe na 3, ta tanadi ɗaurin da zai iya kai shekara ɗaya da tara har riyal 500,000, ko ɗaya daga ciki, ga wanda ya keta sirrin wani da kyamarar waya ko ya ɓata masa suna. Leƙen wayar miji ko mata ba da izini ba ma a nan yake faɗawa. Dokar nan kariya ce gare ka kuma. Wanda ake yi wa barazana da hotonsa, abin da suke kira ibtizaz, kar ya biya, don biya ɗaya ke jawo na biyu. Kar ya goge hirar, ya ɗauki hoton allo da lambar a jiki, ya kai rahoto ta manhajar Kulluna Amn ko ya kira 1909.

Sunan bogi da VPN

Akwai dalilai na halal da ke sa mutum ya so shafin da ba sunansa: tambayar likita a kan ciwon da ake jin kunya, neman shawarar aure, ko mace da ba ta son a bi ta. Abin da ke tona irin wannan shafi yawanci lambar waya ce. Ka buɗe shi da layinka, manhajar ta nuna shi ga duk wanda ke da lambarka a matsayin "wanda wataƙila ka sani". Saboda haka ka buɗe da sabon imel, ka hana manhajar shiga littafin lambobinka tun tambayar farko, ka kashe zaɓin da ke ba masu lambarka shawarar shafin. Kar ka maimaita sunan amfani ko hoton da ka taɓa sawa wani wuri, kar shafukan biyu su bi juna. Sannan harshe: Basakkwace ba ya ɓuya a rubutu, kuma wanda ya saba rufe magana da kalma ɗaya, ƙanwarsa za ta gane shi a layi biyu. Murya kuwa ba a maganarta.

Duk wannan daga jama'a yake ɓoye ka. Kamfanin yana da imel ɗinka da adireshin IP da irin wayarka, kuma a kamfani mutane ne ke aiki. A 2019 Amurka ta tuhumi tsofaffin ma'aikatan Twitter biyu da leƙa bayanan masu amfani suna miƙa wa jami'an Saudiyya, a 2022 kotu ta sami ɗaya da laifi. Sashe na 6 na waccan dokar ta 2007 kuma ya kai shekara 5 da riyal miliyan 3 kan abin da ya taɓa zaman lafiyar jama'a ko addini ko tarbiyya, kuma ana fassara shi da faɗi. An ɗaure mutane kan rubutu da sake yaɗa rubutun wani. Magana zarar bunu ce, sunan bogi ba ya mayar da ita. Baƙo mai igama ya san da wannan kafin ya tura abin da aka turo masa.

VPN ya shiga wayoyinmu ne saboda shekarun da kiran WhatsApp ba ya tafiya a layukan ƙasar. Aikinsa ɗaya ne: ya ɗauke ganin shafukan da kake shiga daga kamfanin waya ko mai Wi-Fi, ya miƙa wa mai VPN ɗin. Kamfanin waya na ganin kana amfani da shi, kuma in ka shiga Facebook da sunanka, Facebook ya san kai ne. Bai kuma halatta abin da doka ta hana ba. Na kyauta kuwa, banza ba ta kai zomo kasuwa. Wani bincike da masana suka fitar a 2016, ciki har da na cibiyar CSIRO ta Ostareliya, ya duba manhajojin VPN 283 na Android, ya tarar kashi 38 cikin ɗari na da alamar muguwar manhaja, kashi 18 kuma ba sa rufe bayanan ma sam. An gudu gara an faɗa gidan zago. In VPN ya nemi shiga lambobinka ko hotunanka ko saƙonninka, ka goge shi.

Mai Wi-Fi na gida ko na otal, in ya iya, yana ganin sunayen shafukan da ka shiga, ba ya ganin abin da ke ciki matuƙar adireshin ya fara da https. Abin da ba ki so masu gida su san kin nema, ki yi shi da datar layinki. Shafin ɓoye na Chrome kuma tarihin da ke kan wayar kawai yake hana ajiyewa.

Gyara, sayarwa, da ranar tafiya

Gilashi ya fashe, ka je Shari' Falasɗin na Jidda ko wani shagon unguwa, mai gyara ya turo maka 'yar takarda ya ce rubuta lambar buɗewa. Canjin gilashi ko batir ba ya buƙatar ta, in gwaji yake so ka buɗe da hannunka a gabansa. Wayoyin Samsung daga One UI 5 suna da yanayin gyara, wad'us siyana, a ɓangaren kula da na'ura: wayar za ta tashi kamar sabuwa, ya gwada komai, bai ga hotonka ko ɗaya ba, sai ka dawo da ita da makullinka. Ko ta yaya, ka zare SIM da memori kafin ka miƙa.

In sayarwa ce ko aikawa gida tsaraba, goge hotuna ɗaya-ɗaya ba ya wadatarwa, suna zaune a kwandon shara kwana 30 ko fiye. Ka fitar da akawun ɗin Google ko iCloud tukuna, in ba haka ba wayar za ta kulle wa wanda ya karɓa har sai ya kira ka neman kalmar sirrinka. Sannan ka mayar da ita yadda ta fito daga kamfani. Wayoyin yanzu a rufe bayanansu suke, wannan gogewar na lalata makullin. Memori kuwa yawanci ba rufi, ana iya dawo da abin da aka goge a kansa, ka riƙe abinka.

Lambar da aka daina amfani da ita kamfani na sake sayar da ita. Wanda zai yi khuruj niha'i, wato barin ƙasar gaba ɗaya, da alhajin da ya yanki layin wata ɗaya ya buɗe WhatsApp ko TikTok a kansa, su kwashe kayansu kafin jirgi ya tashi. A WhatsApp akwai canza lamba a ƙarƙashin akawun, yana mayar da guruf-guruf da saitinka kan sabuwar, sabuwar kawai ake buƙata ta iya karɓar SMS. In ka bar shi haka, wanda ya gaji lambar zai iya samun kansa a guruf ɗin danginka, don sai akawun ya yi kwana 45 ba motsi kafin WhatsApp ya ɗauke shi a matsayin lambar da ta canza hannu ya share na baya. Bayan WhatsApp sai Google, Facebook, TikTok, Snapchat da banki, ɗaya bayan ɗaya, tun layin na raye yana karɓar saƙo. Layin Najeriya ko na Nijar da ka bari a aljihun jaka, wanda asusun bankinka na gida ke kansa, shi ma haka zai tafi in ya daɗe a kwance. Ka riƙa sa shi a waya lokaci-lokaci, ka sa masa kati, ka tura saƙo ko da ɗaya ne.